Daga mita zuwa bakin famfo, ruwan nan ba shi da mai tambaya

Wata uku kenan da wani guntun bututu yake ajiye a kan tagar ɗakina, tsawonsa bai fi tafin hannu ba, duk wanda ya shigo yace wannan fa na meye sai in miƙa masa ince leƙa ciki. Daga bangon banɗakinmu aka yanko shi ranar da ruwa ya fara tsattsafowa ta jikin siminti muka kira mai gyaran famfo. Yana yankewa ya ɗaga shi ya haska da fitilar wayarsa, ni kuma ina tsaye a kansa, abin da na gani wallahi har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ramin bututun ya tsuke ya koma kamar rabinsa, gefe da gefe tsatsa ta yi tudu-tudu, a saman tsatsar kuma wani abu ne mai yauƙi, launinsa tsakanin baƙi da ruwan ƙasa, na sa ɗan yatsa na shafo sai ya biyo hannuna yana santsi kamar majina, da wani wari irin na rijiyar da aka daɗe ba a ja ba. Nace masa Malam, ta nan ruwan da muke sha yake bi? Ko ɗagowa bai yi ba yana ta ɗaure sabon da zai saka, yace "Yallaɓai ai wannan mai kyau ne, da kaga na wasu gidajen da ba ka ƙara buɗe famfo ba."

Abin da ya fi ɗaure min kai shine ruwan namu garau yake fitowa, ka tara a kofin gilashi ka ɗaga a haske ba za ka ga ko ɗigon datti ba, shekara shida ina sha ina yi wa yara wanka da shi ban taɓa kawo komai a raina ba. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a harkar ruwa dai ido bai san komai ba. Tun ranar na shiga karance-karance da tambayar waɗanda suka san abin, kuma inda na tsaya yanzu shine, hankalinmu gaba ɗaya yana kan matatar ruwa da hukumar ruwa, in ruwa ya ɓaci su muke zagi, sau da yawa kuma sun ci zagin, amma akwai wani yanki na tafiyar ruwan nan da babu mai kula da shi sam, daga inda ya tsallake mita ya shigo cikin gini zuwa inda ya fito ta bakin famfo ko kan shawa. A ganina wannan yankin dole a rataya shi a wuyan mai gini, a rubuce, da doka, kamar yadda aka rataya masa wayar wuta da ƙofar gudu in gobara ta tashi.

A matata ana tace ruwa a zuba masa kilorin, wato sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, kuma da gangan ake barin ɗan ragowar kilorin ɗin a ciki don ya yi wa ruwan rakiya a hanya, Hukumar Lafiya ta Duniya tace kada ragowar ya gaza miligiram 0.2 a kowace lita a inda ruwan ya isa hannun mai amfani da shi. Sai dai kilorin ba ya zama. Duk tsatsar da ya gamu da ita sai ta ci wani abu daga cikinsa, duk laka, duk datti, zafi kuma yana ƙara saurin ƙarewarsa, in ruwa ya tsaya wuri guda kwana biyu uku to ɗan rakiya ya juya, ruwan ya rage shi kaɗai. Kuma ko matatar da ta fi kowace kyau a duniya ba ta fitar da ruwan da babu abu mai rai ko ɗaya a cikinsa, ba ruwan allura ba ne, ƴan tsirarun da suka sha da ƙyar suna nan suna neman masauki.

Masaukin shine wannan yauƙin da na shafo da yatsana. Bakteriya ne da kansu suke haɗa shi, su manne a jikin bututu su fitar da wani abu mai danƙo su lulluɓe kansu, sai ya zame musu gida ya zame musu garkuwa, kilorin ya zo ya wuce ta sama bai kai ga na ƙasa ba. Yawancin mazauna cikinsa ba sa yi wa mai lafiya komai, gaskiya kenan, ba cewa nake duk bututu guba ba ne. Amma a cikinsu ake samun masu kwantar da mutum, kuma akwai wata dabara da ta ban tsoro da na karanta. Cikin yauƙin akwai wasu ƙananan halittu da ake kira amiba, abincinsu bakteriya ne, suna bi suna haɗiyewa, to akwai wata bakteriya mai kawo ciwon huhu da ake kira Lijiyonela, ita in amiba ta haɗiye ta maimakon ta narke sai ta mayar da cikin amibar ɗakin haihuwa, ta hayayyafa har ta fasa ta ta fito da yawa. Irin wannan dabarar dai take yi wa ƙwayoyin da ke gadin huhunmu, su haɗiye ta da nufin kashewa, ita kuma ta miƙe ƙafa a cikinsu.

Sunan nata ma daga masifa ya samo asali. A watan Yulin 1976 wata ƙungiyar tsofaffin sojojin Amurka da ake kira American Legion ta yi taronta a otal ɗin Bellevue-Stratford a birnin Filadelfiya, aka watse lafiya kowa ya koma garinsu, bayan ƴan kwanaki sai ga su ana ta kwasarsu zuwa asibiti, zazzaɓi mai zafi, tari, numfashi sama-sama. Mutum 221 suka kamu, 34 suka rasu. Wata shida ana lalube, an zargi guba, an zargi murar aladu da ake tsoro a shekarar, har otal ɗin ya rufe kafin shekara ta ƙare saboda babu mai son kwana a ciki, sai a Janairun 1977 aka sanar cewa wani masani a hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka CDC mai suna Joseph McDade ya gano ƙwayar. Abin da aka fi kyautata zato shine daga ruwan na'urar sanyaya otal ɗin ta fito ta bi iska. Da aka koma kan tsofaffin samfurin jini da aka adana sai aka ga ashe ta daɗe tana kisa, suna ne dai ba ta da shi.

Ga inda mutane da yawa ke kuskure, har da ni kafin yanzu. Lijiyonela ba ta ciki take shiga ba, ta huhu take shiga. Shaƙa ake yi. Wannan siririn feshin da ke tashi in ka buɗe shawa, ko in ruwan famfo ya daki kwanon wanke hannu da ƙarfi, ko ruwan ado mai tsartuwa a harabar otal, shine abin hawanta, wani lokacin kuma in tsoho ko marar lafiya ya ƙware ruwa ya bi ta hanyar iska. Kenan wanda yace ni ai ruwan roba nake sha, ko ni ai tafasawa nake yi, bai tsira ba tunda ba da ruwan roba yake wanka ba. Kuma ba kamar mura ba ce da wani ke shafa wa wani, ginin ne ke rabawa. Bayan kwana 2 zuwa 10 sai ta bayyana a matsayin nimoniya, wato ciwon huhu, ƙiyasin CDC kuma shine cikin mutum goma da suka kamu ɗaya yana mutuwa, in a asibiti mutum ya kamu yana kwance da wata larurar to ya kai ɗaya cikin huɗu. Ta fi kayar da masu shekara 50 zuwa sama, da masu shan taba, da masu ciwon huhu ko suga ko ƙoda, da duk wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni.

Abu biyu take so, ruwa mai ɗumi da ruwa mai tsayawa. Tsakanin digiri 20 zuwa 45 a ma'aunin Salshiyas nan ne gonarta, ta fi yabanya a wajen ɗumin jikin mutum. Ƙasa da 20 ba ta mutuwa amma tana lafewa, daga 50 ta fara mutuwa a hankali, a 60 cikin ƴan mintuna ta gama, a 70 nan take. To dan Allah ka tsaya ka tuna yadda ake gini. Tanki a saman rufi rana na dukansa daga safe zuwa yamma, ruwan da ake kira na sanyi ya fito da ɗumi kamar an ɗora a wuta. Hita an rage mata zafi zuwa 40 don kuɗin wuta, ko a kunna a kashe ruwan ya yi ta hucewa a ciki. Bututun zafi da na sanyi an jera su manne da juna a cikin bango, wannan na ɗumama wancan. Sai kuma tanki ƙato wanda ya ninka buƙatar mutanen ginin don kada a rasa ruwa, na ƙasansa ya yi sati bai motsa ba.

Akwai kuma abin da mai gyaran famfon nan ya nuna min da na matsa masa da tambaya. A cikin bangon, kusa da inda ya yanka, wani reshen bututu ne ya tafi kamar kamu uku ya tsaya, an toshe bakinsa. Yace da can akwai wurin wanke hannu a nan, da aka cire shi sai aka toshe kawai aka shafe da siminti, don fasa bango a bi bututun har tushensa aiki ne kuma ba wanda zai biya. Ruwan da ke cikin wannan makahon reshen ba ya fita ko'ina, amma ɗaya bakin nasa a buɗe yake ga babban layin da muke sha, duk sanda ƙarfin ruwa ya sauya sai ya ɗan tofo abin da ke cikinsa. Yace da wuya ya shiga tsohon gini bai tarar da irinsa ba. Haka ɗakin otal da ya yi wata ba baƙo, haka ɗakunan kwanan ɗalibai in an tafi dogon hutu, haka sashen asibiti da aka rufe don gyara sannan aka buɗe aka kwantar da marasa lafiya washegari. Shi ya sa a 2020 da korona ta sa aka kulle ofisoshi da makarantu da otal-otal, hukumomin lafiya a ƙasashe da dama suka yi ta gargaɗi cewa kada a buɗe gini sai an zubar da tsohon ruwan an wanke layin.

Bayan sati ɗaya na nemi tsani na hau rufin da kaina. Murfin tankinmu rabinsa ya karye, an ɗora wani guntun katako an danne da dutse, iska ta ture katakon gefe. Na leƙa da tocila. Sama-sama ruwan garau, amma ƙasan akwai laka da ta kai kaurin yatsu uku, gefen da rana ke shiga ya yi gansakuka kore shar, ga gashin tsuntsu biyu suna yawo a kai, ga kashin tsuntsaye fari fat a bakin tankin daidai inda ruwan sama zai wanke shi ya zuba ciki. Na sauko na samu mai gadin da ya fi kowa daɗewa a ginin, nace Baba yaushe rabon da a wanke tankin nan, ya yi shiru yana lissafi, can yace shi dai tun zuwansa bai ga an wanke ba. Iyali takwas ne ke sha daga nan. Akwai jariri ɗan wata huɗu a hawa na biyu, akwai wata dattijuwa mai ciwon asma a ƙasa.

Irin wannan murfin shine ƙofar ɗaya ayarin, masu shiga ta baki, irin su E. coli da masu kawo taifot da kwalara da atini, waɗanda asalinsu kashi ne na mutum ko na dabba. Su daga waje suke shigowa, ta buɗaɗɗen tanki ko ta tsagar bututu. Muddin bututu cike yake da ruwa mai ƙarfi to in ya tsage waje yake fesowa, ba abin da zai shiga. Amma duk inda ake kawo ruwa a ɗauke, da zarar an ɗauke sai bututun ya zama fanko ya fara zuƙa, in ya bi ta gefen kwata ko kusa da ramin masai to abin da ke wurin shi zai zuƙo, ranar da ruwa ya dawo kuma a turo shi gidajen mutane. Kada kuma wani ya ɗauka sakaci da ruwa na matalautan ƙasashe ne kawai, a watan Mayun 2000 a wani ƙaramin gari Walkerton a Kanada ruwan sama ya wanko kashin shanu ya shiga ɗaya daga rijiyoyin garin, masu kula da ruwan ba sa zuba kilorin yadda ya kamata kuma sun daɗe suna rubuta alƙaluman ƙarya a littafin awo, mutum sama da 2,000 suka kwanta, 7 suka mutu, a garin da bai kai mutum 5,000 ba.

Amma labarin da ya fi tsaya min a rai na Ireland ta Arewa ne. Tsakanin Disambar 2011 da Janairun 2012 jarirai huɗu suka mutu a ɗakunan kula da jarirai marasa ƙarfi, ɗaya a Derry uku a Belfast, sanadiyyar wata bakteriya da ake kira Sudomonas, wadda mai lafiya zai wanke hannu da ita sau ɗari ba abin da zai same shi, amma ga bakwainin da fatarsa ko ƙwari ba ta gama yi ba ajali ce. Da aka bi diddigi a ina aka same ta? A cikin famfunan ɗakin. A wannan ɗan abin da ake sakawa a bakin famfo don ruwa ya fito a miƙe kada ya fantsama, nan yauƙin ya taru. Binciken da aka yi ya nuna hanyar da ta fi yiwuwa ita ce ruwan famfon da ake goge jariran da shi in za a canza musu kunzugu. Ka duba fa, ma'aikaciyar jinya ta wanke hannunta, ta tari ruwa mai kyan gani, ta goge jaririn a hankali cikin tausayi, duk abin da aka koya mata na tsafta ta yi, ashe cutar tana cikin ruwan tsaftar. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin irin wannan ɗakin yana leƙen ɗansa ta gilashi ya san irin amanar da ake ba wurin. Ruwan nan ya yi tafiyarsa mai nisa daga matata, a taƙin ƙarshe ya lalace.

To wa ke da alhakin wannan taƙin? Je ka hukumar ruwa za su ce maka aikinsu ya ƙare a mita, kuma bisa ƙa'ida a wurare da yawa gaskiya suka faɗa. Mai gida zai ce ya ba ka famfo ruwa na zuwa, me kuma kake nema. Wanda ya zana ginin ya karɓi kuɗinsa ya tafi shekara ashirin da suka wuce, mai gyaran famfo an kira shi ne ya tsayar da yoyo, ɗan haya kuma ba shi da ikon fasa bango, sau da yawa ma bai san inda tankin yake ba. Kowa ya zame, ruwan ya zama maraya. In bene ya rufta ana neman mai shi, in wayar wuta ta jawo gobara ana tambayar wa ya ja ta, amma in ruwan gini ya kwantar da mutum biyar a watanni daban-daban, kowanne ya tafi asibitinsa daban, babu wanda zai haɗa su yace ai gini ɗaya suka fito.

Nasan abin da wasu za su ce don an faɗa min ido da ido, wai shekara nawa muna shan ruwan nan ba mu mutu ba. Mu masu ƙarfi ne muke wannan maganar, wanda abin ya kayar ba ya wurin. Kuma ciwon Lijiyonela ba ya zuwa da tambari a goshi, kamarsa ɗaya da sauran nimoniya ko a hoton ƙirji, sai an yi gwaji na musamman na fitsari ko na majinar ƙirji kafin a gane, gwajin fitsarin da aka fi yi ma nau'i ɗaya kawai yake kamawa, asibitoci da yawa a duniya kuwa ba sa yin ko ɗaya. Sai a rubuta ciwon huhu, ace tsufa ne, ace sanyi ne ya kama shi. Abin takaicin, magungunan dangin fenisilin da aka saba fara bayarwa ba sa aiki a kanta tunda a cikin ƙwayoyin jiki take ɓuya, sai irin su azitromaisin, ga magani a ajiye amma ba a san shi ake buƙata ba. Inda ba a gwaji ba za a ga cutar a takarda ba, sai kuma a ɗauko wannan takardar a kafa hujja da ita ace babu cutar.

Abin da nake kira a yi ba sabo ba ne, wasu sun riga sun yi. A Jamus tun 2011 doka ta wajabta wa mai gidan haya da ke da babban tsarin ruwan zafi, misali tankin da ya haura lita 400, ya sa a ɗebi ruwan a gwada shi don Lijiyonela, yanzu duk shekara uku, in ƙwayoyin suka yi yawa dole hukumar lafiya ta sani kuma dole a gyara. A Birtaniya ƙa'idar ita ce a ajiye ruwan zafi a digiri 60, ya iso bakin famfo da aƙalla 50 cikin minti ɗaya, na sanyi ya zauna ƙasa da 20, famfon da ba a cika amfani da shi ba a buɗe shi duk sati ya zuba. A New York ɓarkewar Lijiyonela da ta kashe mutum 16 a unguwar Bronx a 2015 ce ta sa aka yi dokar yi wa hasumiyoyin sanyaya gini, wato manyan na'urorin sanyaya gini masu aiki da ruwa, rajista da duba su a kai a kai. Abin da ke damuna kenan, me ya sa kowa sai ya ga nasa gawarwakin zai motsa alhali an riga an san komai. CDC ta koma kan ɓarkewar da ta bincika tsakanin 2000 da 2014, tace kusan 9 cikin 10 da an kula da ruwan ginin yadda ya kamata da an kauce musu.

Hujjar da ta fi ƙarfi cikin na masu ja da ni ita ce ta masu cewa kai kana ta yauƙin cikin bututu alhali akwai miliyoyin mutane da ko bututun ba su da shi, daga kududdufi suke ɗiba. Wannan gaskiya ne kuma ba na raina shi, in aka ce in zaɓa tsakanin kai wa ƙauye ruwa da gwajin Lijiyonela a otal zan ce a kai ruwan. Amma ba daga aljihu ɗaya kuɗin ke fita ba. Kai ruwa aikin gwamnati ne, kula da tanki da bututun cikin gini aikin mai ginin ne da kuɗin hayar da yake karɓa, ɗaya bai hana ɗaya ba. Kuma yawancin abin ba tsada gare shi ba, murfin tanki mai rufuwa ruf, inuwa a kansa, wanke shi ko sau ɗaya ne a shekara, kwance kan shawa duk bayan wata uku a kankare a jiƙa a ruwan bilic, yanke makahon reshe tun daga tushe duk sanda aka yi gyara, ma'aunin zafi guda ɗaya da littafi da biro. Gwajin ɗakin bincike ne mai tsada, shi kuma a fara da inda rauni ya fi yawa, asibitoci da gidajen kula da tsofaffi da otal-otal da makarantun kwana, ba sai an bi kowane gida mai ɗaki biyu ba.

Zafin hita kam yana da nasa haɗarin, ba zan ɓoye ba, ruwa mai digiri 60 yana ƙona fata cikin daƙiƙu kaɗan, balle ta yaro ko tsoho. Amma maganinsa ba rage zafin tankin ba ne, akwai ɗan bawul da ake sakawa kusa da famfo yana gauraya zafi da sanyi a daidai wurin fita. Mai gyaran famfon da bai san shi ba laifin waɗanda suka koya masa ne da suka tsaya a hana yoyo kawai. Ni a wurina mai haɗa famfo ma'aikacin lafiya ne, ya kamata a horar da shi a biya shi a matsayin haka.

Abin da nake so a doka bai wuce wannan ba, duk ginin da mutane da yawa ke kwana ko aiki a ciki a samu mutum ɗaya mai suna wanda in an tambayi lafiyar ruwan shi zai amsa, a manna takarda a ƙofar shiga mai nuna ranar da aka wanke tanki da wanda ya wanke, ɗan haya ya samu haƙƙin gani da haƙƙin kai ƙara in an hana shi. Masu rubuta ƙarya a littafi za a samu, an gani a Walkerton, shi ya sa dole jami'in lafiya ya riƙa zuwa ba zata ya hau rufi ya buɗe murfi ya auna da hannunsa.

A ginin namu mun rubuta wa mai gidan takarda, iyali shida cikin takwas suka sa hannu, biyun suka ce ba sa son abin da zai sa a ƙara musu haya, kuma na fahimce su. Wakilinsa ya zo ya hau ya gani yace za a duba. An canza murfin, wannan kam an yi, amma lakar tana nan a ƙasan tankin, makahon reshen ma yana nan a bangon banɗakina. Mu dai yanzu muna tafasa na sha, na kwance kan shawarmu na jiƙa a bilic, abin da ya fito daga ramukansa baƙi ƙirin, in mun yi tafiya mun dawo sai in buɗe taga in saki ruwan ya zuba na ƴan mintuna ba kowa a ciki kafin yara su shiga. Na hau na faɗa wa mai jegon hawa na biyu ta riƙa tafasa har na wankan jaririn ta bari ya huce. Dattijuwar ƙasa kuma nace mata Mama ki ɗan hutar da shawar nan, ki riƙa tara ruwan a bokiti a hankali. Tace "to ɗan nan, Allah ya yi albarka, amma su masu gidan me suka ce?" Nace mata ranar Asabar za mu koma wurin wakilin, kuma da guntun bututun nan zan tafi.